Wace manhaja zan fara da ita don gidan rediyo ya riƙa tafiya da kanshi?

Ɗan Gwandu:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina aiki wani ƙaramin gidan rediyo nan Birnin Kebbi, har yanzu da VLC, manhajar kunna sauti da bidiyo, muke sa komi, waƙa da talla da sanarwa, mutum na zaune yana dannawa ɗaya bayan ɗaya, in ya tashi salla ko ya zagaya sai tasha ta yi tsit. Oga ya ce in nemo manhajar da za ta riƙa jera shirye-shirye da kanta musamman daga goma na dare zuwa asuba. Na ji ana faɗin RadioDJ da ZaraRadio da RadioBOSS. Wacce ta dace da ɗan koyo? Kwamfutarmu tsohuwa ce, Windows 10, RAM 4GB. Kuma muna son mu hau intanet saboda mutanenmu na Legas da Saudiyya. Allah ya saka.

Injiniya Gusau:
Wa alaikumus salam ƙanena. RadioDJ za ka ɗauka, kyauta ce kuma kwamfutar nan taka za ta ja ta. Abin da ka tsorata mutane shi ne ba ta tashi sai an fara sa mata MariaDB ko MySQL, wato rumbun da take aje sunan kowane sauti da lokacin da anka sa shi, to ka sa wannan tukuna, ka rubuta faswod ɗin cikin littafi ka aje, sannan ka sa ita kanta.

Amma tun kan ka taɓa ta, zauna ka gyara fayilolinka. Nan ne aikin yake wallahi. Galibin gidajenmu in ka buɗe kwamfutar sitidiyo za ka ga folda guda cike da Track 01, Track 02, da sautukan WhatsApp masu suna lambobi zalla, manhaja kuwa ba ta san gaibu ba. Ka ware waƙoƙin gargajiya daban, na zamani daban, ƙasidu daban, karatu daban, jingul na tasha daban, talla daban, kowane fayil da sunan mai shi da sunan abin. Daga nan sai ka gina mata tsarin juyi, misali waƙar gargajiya biyu, jingul, ta zamani ɗaya, talla, a koma farko, ka kuma gaya mata kar ta maimaita mawaƙi guda sai bayan awa biyu ko uku. In ba ka yi haka ba za ta jero maka Ɗanƙwairo sau uku a jere, ko ta ɗauko kiɗan biki ta liƙa bayan karatun Alƙur'ani, kai ka san abin da zai biyo baya garin nan.

Sai ƙarar sauti. Sanarwar ɗaurin aure da anka turo ta waya ba ƙarfinsu ɗaya da waƙar da anka yi a sitidiyo ba, ka bi su da Audacity, manhajar gyaran sauti, ka daidaita, ka yanke shirun farko da na ƙarshe, ka maida su mp3.

Maman Hanifa Jega:
Injiniya ina girmama ka amma ni ban yarda a fara ma yaro da RadioDJ ba. ZaraRadio ya fara da ita, tsohuwa ce ƙwarai amma ba ruwanta da wani rumbu, ka sa ta ka jawo waƙoƙi ka zuba shikenan, cikin yini guda kowane mai gabatarwa zai iya. Mu nan matsalar ba injiniya ba ce, masu zama gaban makirufo ne, wasu dattawa ne da sunka saba da kaset, in allo ya cika da maɓallai sai su ce a maido musu abinsu na da.

Abu guda da ban ga kowa ya ambata ba, kiran salla. Duk manhajojin nan suna da wurin da za ka ce ƙarfe kaza a sa abu kaza, to amma lokacin salla ba tsaye yake ba, magariba a Kebbi wajen shida da kwata take a Nuwamba, a Yuli kuwa ta wuce bakwai, kusan awa guda tsakani. In ka saita sau ɗaya ka manta za ka kira salla rana na sama, da azumi kuma ka sa mutane su sha ruwa kan lokaci ya yi. Duk mako a zauna a gyara, da azumi kullum. Kuma don Allah kar ka ɗauko jadawalin Kano, mu muna yamma da su, rana na faɗuwa can da fiye da kwata kan ta faɗi nan.

Injiniya Gusau:
Hajiya maganarki ta salla dutse ce. Zara kuma ba na ƙin ta, sai dai ranar da talla ta yi yawa, mai shago ya zo ya ce na biya sau biyar a rana ban ji ba, a RadioDJ za ka buɗe tarihi ka nuna mishi ranar da mintin da anka sa. RadioBOSS ta fi su sauƙi wajen talla kuma tana hawa intanet da kanta, amma da dala ake sayen ta.

Batun intanet, ka sa BUTT, ƙaramar manhaja ce kyauta, ita ka ɗaukar sautin ta tura ma saba ta Icecast ko Shoutcast, wato kwamfutar intanet da ka raba sautin ga masu saurare. Yi lissafin data tun yanzu: in ka sa ingancin sauti a 128kbps, yana cin kusan 58MB a awa, wato sama da 40GB a wata in ba a kashewa. Ka sauka 64kbps, rabi kenan, kuma masu saurare da waya za su gode maka.

Abu Sola Yauri:
Ni nawa na wuta ne. Komi kyan manhaja in an ɗauke wuta ƙarfe biyu na dare ba kowa a sitidiyo to an gama. UPS dole, wato akwatin batir mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ko inbata, ko da na riƙe minti goma ne kan a tada janareta. Ka shiga BIOS, wato saitin kwamfuta na kafin Windows ta tashi, ka saita kwamfuta ta kunna kanta in wuta ta dawo, Windows ta shiga ba tambayar faswod, manhajar ta tashi da kanta. Ka hana Windows sabunta kanta da dare. Ka hana kowa soka filash a kwamfutar nan, bairos daga nan yake shigowa. Da hunturu kuma a riƙa buɗe ta ana hure ƙura, fanka na toshewa ta yi zafi ta mutu.

Ɗan Gwandu:
Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya ƙara sani. Na fara ware foldoji tun jiya, zan gwada RadioDJ a laftof ɗina tukuna, sitidiyo kuma Zara har mutane su saba. Injiniya wata tambaya, miksarmu ba ta da USB, in sautin zai fita daga kwamfuta ya shiga miksa ya kuma dawo don BUTT, katin sauti guda zai isa ko sai mun sayi na waje?