"In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere": izini ne ko gargaɗi?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya an yi cacar baki a layinmu tsakanin maigidana da maƙwabcin shagonsa. Mutumin ya karya farashin sukari da taliya, masu saye duk suka koma wajensa. Baban Ilham ya rantse sai ya sayar ƙasa da yadda ya saro, ko da jarin zai ƙare, sai ya ga an garƙame shagon can. Dattijon da ya shiga tsakani bai ce masa ya haƙura ba, cewa ya yi, "In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere." Tun jiya abin ke cina. Wato an yarda a gina ke nan, zurfin ne kawai matsala?

Malam Na Zaure: Wa alaikumus salam. Ba izini ba ne, 'yar uwa. Ƙarasa shi mana: wataƙila kai za ka faɗa. Magabata sun san mai zuciya ba ya jin "bari", sai an tsorata shi da kansa.

Ɗan Kwari: Allah gafarta Malam, da haka ne ai da sun ce kar ka gina. Mu a kasuwa wanda ba ya ramawa tabarma ake mayar da shi. Kura ma ta san gidan mai babbar sanda.

Ɗalibar Samaru: Maman Ilham, rigimar nan ta shagonku ita muke karantawa a tattalin arziki, nazarin dabarun wasa. In dukansu suka riƙe farashi, kowa ya ci riba. In ɗaya ya karya, ya kwashe kasuwa. To kowa na tsoron a riga shi, sai su karya tare, su tashi a tutar babu. A 1980 wani malami a Jami'ar Michigan, Robert Axelrod, ya shirya gasa, masana suka aiko da dabarun buga irin wannan wasa aka kara su a kwamfuta, kowace karawa zagaye 200. Wadda ta lashe ita ce mafi sauƙi, ta Anatol Rapoport: ka fara da alheri, in an cuce ka ka rama sau ɗaya, da abokin karawa ya dawo hanya kai ma ka dawo. Aka sake gasar da dabaru 62, ita ta kuma lashewa. Ni dai gajeren rami nake gani.

Ɗan Kwari: Wato sai da Bature ya kunna kwamfuta kafin ya gano abin da tsohuwa ke faɗa tana tsinkar zogale.

Malam Na Zaure: Wannan ai ramuwa ce daidai da abin da aka yi maka, ba mugunta ba. Kada a haɗa.

Jikar Hajja: Ku tsaya ku ji na kakata, Allah ya jiƙanta. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi, su biyar ne masu sana'ar a garin, kuma kuɗin kwalba ɗaya ne a bakin kowa, ba tare da an taɓa zama an tsayar ba. Sai wata baƙuwa da aka auro ta fara ba da gyara, duk wanda ya sayi kwalba ta cika masa hannu da ƙuli. Yaran tallan sauran suka riƙa dawowa da kaya. Matan suka ce a haɗu a daina gaishe ta, har da mai cewa a kai sunanta wajen boka. Hajja ta ce a bar ta da ita. Ranar kasuwa ta ninka gyaran, baƙuwa ta wuni ba ta sayar da ko kwalba biyu ba. Kasuwa ta zagayo, Hajja ta koma yadda take, har ta aika mata da kwanon fura. Matar ta ɗauka tsoro ne, ta sake. Hajja ta sake ninkawa, kasuwa ɗaya tak, fura ta sake zuwa. A karo na uku kwanon ne ya dawo da dambu a ciki. To ku ji ƙarshen: 'yar matar nan ita ce mahaifiyata, ɗan Hajja ya aure ta. Har suka tsufa suna musun wa ya fara, Hajja na cewa furarta ta fi dambun tsada, a biya ta ciko.

Baban Khalifa: Allahu akbar! Da an je wajen bokan da yanzu babu mai ba mu labari.

Ɗalibar Samaru: Manya ma haka suke. A Maris 2020 Saudiyya da Rasha suka kasa daidaitawa, kowa ya buɗe famfon mai ana tsakiyar korona. Wata guda kawai suka iya, a Afrilu suka koma tebur aka rage ganga miliyan 9.7 a rana. Amma mu da ba mu riƙe diga ba mun faɗa: kasafin Najeriya da aka gina kan gangar mai dala 57 sai da aka maido shi kan dala 28.

Na Gefe: Ni fa ba ku burge ni ba. Kowa na yabon Hajja, mai sayen mai fa? Baƙuwar nan ita kaɗai ta tausaya wa talaka, aka taru aka hore ta da fura. Abin da kuke kira zaman lafiya haɗin baki ne a kanmu. In 'yan kasuwa na faɗa, ranar ce muke cin tuwo da miya.

Jikar Hajja: Na Gefe, kakata ce fa!

Na Gefe: Duka biyun kakanninki ne, Hajiya. Ni ina bayan ta wajen uwa.

Baban Khalifa: Su o'o kuwa da katafila suke haƙa nasu. Mutum ya tsara dokar da za ta hana abokin hamayya takara, shekara huɗu ta zagayo ya sauya sheƙa, dokar ta cafke shi.

Ɗan Kwari: Waɗannan ba sa faɗawa, Baban Khalifa. Su haƙa da safe, da daddare a haɗu a ɗaurin auren 'ya'yansu. Mu ne murfin ramin.

Malam Na Zaure: An fara ke nan. Ni dai har yanzu ba a nuna min inda aka halatta ginin ba.

Maman Ilham: Baban Ilham ya ce a gaya wa Jikar Hajja shi ba shi da kuɗin fura, kuma Ilham shekararta huɗu.

Na Gefe: Maman Ilham, don Allah nawa maƙwabcin naku yake sayar da taliyar, kuma wane layi ne?