Muhawara: sai da ɗan gaba mai ƙwallo ashirin ake ɗaukar kofin Firimiyar Najeriya?

Daga wani zauren WhatsApp na masu bin ƙwallo a Jos.

Alhaji Sabo: Jama'a, maganata ɗaya ce kuma ba na janye ta. Ƙungiyar da ba ta da ɗan gaba mai zura ƙwallo 18 zuwa 20 a kaka ba za ta ɗauki kofi ba. Napoli ta yi shekara 33 rabonta da kofin gasar Serie A ta Italiya, sai da Osimhen ya ci 26 a 2023. Leicester da ta ɗauki kofin Firimiyar Ingila a 2016, Vardy ya ci mata 24. In Plateau United ta Jos na son maimaita ɗaukar kofin da ta yi a 2017, ta tattara kuɗinta wuri guda ta sayo mutum ɗaya wanda masu tsaron gida ke shakkarsa. Sauran duk ƙarin bayani ne.

Malam Nuhu: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma tarihin gasarmu bai goyi bayanka ba. A 2010 Ahmed Musa, ɗan garin nan, ya ci wa Kano Pillars 18, ya fi kowa, Enyimba ce ta ɗauki kofi. A 2014 Mfon Udoh ya ci wa Enyimba 23, kofi ya tafi Kano. A 2017 ɗin da ka ambata, Anthony Okpotu na Lobi Stars ne ya fi kowa da 19, amma a filin Rwang Pam na Jos aka yi bikin kofi ƙarƙashin kocin Plateau, Kennedy Boboye. Ko a Ingila, Liverpool ta 2014 ta zura 101, Suarez shi kaɗai 31, aka zura mata 50, ta ƙare ta biyu.

Alhaji Sabo: Ka tsinto waɗanda suka yi maka daɗi ne, Malam. Haaland fa, da ya ci wa Manchester City 36 ta ɗauki kofi a 2023?

Malam Nuhu: City ta ɗauki kofin 2021 da na 2022 kafin Haaland ya zo.

Auwal Gangare: Alhaji, wannan kam ta shiga.

Koci Danladi: Ku bar Turai tukuna, mu yi lissafin gida. Ƙungiyoyi 20 ne, wasa 38, 19 a gida 19 a waje. Plateau ta ɗauka da maki 66 a 2017, Rangers da 70 a 2024, Rivers United da 77 a 2022. To mu ce ana neman 68. Ƙungiya mai ƙarfi a gida ta ci 15, ta yi canjaras 3, ta faɗi 1, maki 48 ke nan. Matsalar ita ce a gasarmu har ƙungiyoyin tsakiyar teburi na cin mafi yawan wasanninsu na gida, don haka wannan 48 ɗin ba ya bambanta ka da kowa sosai. Sauran 20 ɗin a waje za ka nemo su: nasara 4 da canjaras 8, ko nasara 5 da canjaras 5. Nan ake rabuwa.

Pillars ta yi daga 2003 zuwa 2015 ba a doke ta a gida a gasar ba, sai da Nasarawa United ta karya tarihin. A cikin shekarun nan goma sha biyu kofi huɗu ta ɗauka: 2008, 2012, 2013, 2014. Sauran shekarun ma ai ba a ci ta a gida ba. Me ya hana ta? Makin waje.

Auwal Gangare: Koci, makin waje a hannun rafali yake. Kana riƙe da 0-0 har minti na 88, sai ka ji usur, fenareti. Wace dabara ce ke maganin wannan?

Koci Danladi: Ƙanena, akwai wannan kuka, ba a yau aka fara ba. Amma ƙungiyoyi na ci a waje duk da haka, kuma akwai abin da ke hannunka. Kada ka tsaya cikin yadi sha takwas ɗinka kana jiran ƙaddara. Ƙungiyar da ta koma baya gaba ɗaya tun minti na 60 ita ke ba alƙalin wasa dalili, domin kowace ƙwallo a cikin da'irarta take faɗowa, hannu ko ƙafa dole wata ta taɓa. 'Yan baya su tsaya kamar mita 10 zuwa 15 gaban layin sha takwas, tazararsu da 'yan tsakiya kada ta wuce mita 12, ƙungiyar duka daga baya zuwa gaba a dunƙule cikin mita 30 zuwa 35. A cikin da'ira ba zamiya, ba riƙe riga, hannu a jiki. Kyaftin kaɗai ke magana da rafali. Minti 20 na farko kada ka bari a ci ka, in masu gida suka kai nan ba ƙwallo, 'yan kallonsu da kansu ke fara yi musu ihu. Sannan ka bar mutum biyu masu gudu a gaba ko da ana bugun kusurwa a kanka, domin su tilasta wa masu gida ajiye mutum uku a baya.

Wannan tsari ba ya samuwa sai 'yan baya huɗun da golan sun daɗe tare. In kana canza 'yan tsakiyar baya duk mako, tarkon satar fage ba zai taɓa kamawa ba, ɗaya ya fito ɗaya ya tsaya.

Alhaji Sabo: Madalla, da bakinka ka kawo ni gida. Canjaras 8 maki 8 ne. Nasara 3 maki 9 ne. A waje dama ɗaya ko biyu kake samu a minti 90. Wa zai mai da ita ƙwallo? Ɗan baya? Ka tsare gida ka taso 0-0 sau goma, wani ya ci huɗu ya faɗi shida, ya fi ka maki biyu. Tun da aka koma maki uku ga nasara, canjaras ya zama rabin faɗuwa.

Malam Nuhu: A nan ka yi gaskiya, Alhaji, ban musa ba. Ana buƙatar mai gamawa. Abin da na ƙi shi ne a ɗora komai a wuyan mutum ɗaya. Ka nemi ƙwallo 45 zuwa 50 a kaka, amma a raba: ɗan gaba 12 ko 13, 'yan gefe biyu 7 kowanne, ɗan tsakiya mai kutsawa 6, 'yan baya 5 ko 6 daga bugun kusurwa, sauran daga benci. Dalilin a fili yake. A nan duk yaron da ya ci 10 a zagayen farko, kafin a dawo zagaye na biyu dillalai sun kewaye shi, ko ya tafi Arewacin Afirka ko Turai, ko ya zauna jikinsa na nan hankalinsa na filin jirgi. In shi ne rabin ƙwallayenka, kakarka ta ƙare a tsakiya.

Anti Talatu: Ku yi haƙuri in shigo ta ɓangaren jiki, domin duk kuna magana kamar 'yan wasan nan ba a mota suke zuwa ba. Daga Jos zuwa Aba, Fatakwal, Uyo ko Ikenne tafiyar yini guda ce cur a bas. Wanda ya zauna awa goma sha biyu gwiwa a lanƙwashe, naman bayan cinyarsa a ɗaure yake. In an iso daren Asabar aka buga Lahadi ƙarfe huɗu, kada a yi mamakin wanda ya dafe cinya a minti na 30, kuma irin wannan rauni mako uku ne zuwa shida, in ya yi tsanani ya fi haka.

Abin da ya kamata: a iso kwana biyu kafin wasa, a tsaya duk bayan awa biyu ko uku a sauka a miƙe jiki minti goma. Washegari atisaye mara nauyi, a daidai lokacin da za a buga wasan, domin jiki ya san zafin wurin. Yaran da suka saba da sanyin Jos, tudu mai tsayin kusan mita 1,200, in sun sauka kudu gumi ne ke cinye su. A auna nauyin kowa kafin wasa da bayansa, duk kilo ɗaya da ya ragu a sha kamar lita ɗaya da rabi na ruwa mai ɗan gishiri da sukari. Abinci awa uku zuwa huɗu kafin a take, shinkafa ko taliya ko doya, mai kaɗan, kuma ba ranar gwada sabon abinci a bakin hanya ba ce.

Bayan wasa jiki na son awa 48 zuwa 72 kafin ya dawo daidai. In akwai wasan Laraba tsakanin Lahadi biyu, ga tafiya, mutum sha ɗaya ba za su iya ba. Ana son biyu a kowane gurbi, da gola na uku, 23 ke nan, kuma aƙalla 16 ko 17 su zama waɗanda za a saka ba tare da ƙarfin ƙungiya ya faɗi ba. Yanzu canji biyar ake yi, kusan rabin 'yan cikin fili. Wanda bencinsa cike yake da 'yan rakiya ya zubar da wannan dama.

Baba Iliya: 'Ya'yana, duk kun faɗi gaskiya, amma kun tsallake tushe. Garin nan ne ya ɗauki kofin gasar ƙasa na farko, Mighty Jets a 1972, don haka ba yau muka fara ganin yadda ƙungiya ke tashi da yadda take faɗuwa ba. Yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, kuɗi sai an sa hannu an saki. Yaron da ke bin albashin wata biyu da alawus ɗin wasa biyar ba zai sa ƙafarsa inda za ta karye ba. Dokar FIFA ma ta ba shi dama, in an riƙe masa albashin wata biyu ya ba da wa'adin kwana 15 a rubuce, in ba a biya ba ya raba gari da ƙungiya. Ka sayo ɗan gaban Alhaji da kuɗin mutum biyar, sauran na kallo ba a biya su ba, ka ga wa zai ba shi ƙwallo. Remo Stars ta Kunle Soname da ta ɗauka a 2025 sai da ta yi ta biyu sau biyu a jere, ba ta kori kocinta Daniel Ogunmodede ba, tana da filinta a Ikenne da makarantar renon yara.

Auwal Gangare: Baba, amma Pillars ta gwamnati ce ta ɗauka sau uku a jere. Rivers ma ta gwamnati ce.

Baba Iliya: Ban ce laifi ne gwamnati ta mallaka ba. Na ce a biya a kan lokaci, kuma alawus ɗin nasarar waje ya fi na gida, a ba su kafin su hau mota. Sannan a riƙe 'yan kallo. Jifa ɗaya ko taɓa rafali na iya jawo a cire maki uku a kuma kore ka daga filinka, ka koma buga wasan gida a wata jiha. Makin gida 48 da Danladi ya lissafa ya rushe ke nan.

Koci Danladi: In ni aka ba kuɗin sayen mutum uku, ɗan tsakiyar baya mai tsayi zan fara ɗauka, sai ɗan tsakiya mai tare hanya, irin aikin da Kante ya yi wa Leicester ɗin da Alhaji ya kawo, sannan ɗan gaba. Kuma kowace Juma'a da Asabar minti 20 na bugun kusurwa da na tazara: salo uku kacal, ɗaya gindin turke na kusa, ɗaya na nesa, ɗaya gajere, kowa ya san inda zai tsaya da wanda zai tare. A filin da ƙwallo ke tsalle ba ta bin ƙasa, nan ne ƙwallon waje ta fi fitowa.

Alhaji Sabo: Ni kuma in juya jerin, ɗan gaba farko. A 2022, a gasar zakarun Afirka, Plateau ta ci Esperance ta Tunisiya 2-1 a Abuja, aka ci ta 1-0 a Tunis, aka fitar da ita da dokar ƙwallon waje, wato in jimillar wasa biyu ta zo daidai, wanda ya fi zura ƙwallo a gidan ɗan'uwansa ke wucewa. Ƙwallo ɗaya tak a can da ta wuce.

Malam Nuhu: Ko kuma da ba a zura mata ɗayar nan a Abuja ba. 2-0 da 0-1, wa ya wuce?

Alhaji Sabo: Wannan gasar fitar da gwani ce, lissafinta daban.

Malam Nuhu: Kai ka kawo ta, Alhaji.