Wai Ball, Ballot da Bullet 'Yan Gida Ɗaya Ne?

Malamin Turanci: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da na daɗe ina koyarwa a aji, yau na ga gara in kawo ta gabanku. Ni a wurina kalmomin Turancin nan da ke farawa da harafin b, suke kuma nufin abu dunƙulalle, duk uwarsu ɗaya, wato ball. Balloon ƙwallo ne da aka hura wa iska. Ballot ƙaramin ƙwallo ne na jefa ƙuri'a. Bullet dunƙulen dalma ne, bulb dunƙulen gilashi, bowl kuwa rabin ƙwallo ne da aka rarake cikinsa. Har ball ɗin da Turawa ke kiran babban taron rawa, ai zagayawa ake yi ana juyi. Yaro in ya riƙe uwar, 'ya'yan ba sa ba shi wahala. Mai ja ya fito.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam, Malam. Balloon da ballot na bar maka, amma bullet kam ba taka ba ce. Mu da muka yi boko da Faransanci mun san gidansu. Daga boulette Turawan Ingila suka aro ta a ƙarni na 16, ita kuwa boulette ƙaramar boule ce. Har yau in ka shiga gidan abinci a Yamai ka ce boulettes, dunƙulen niƙaƙƙen nama za a kawo maka, kuma fura ma da Faransancin Nijar boule ake ce mata saboda curin da ake yi. Boule ta fito daga bulla ta Latin, harshen Rumawa na da, wadda ke nufin kumfar da ke tasowa a kan ruwa, da duk wani abu mai kumburi irinta. Ball kuwa daga arewacin Turai ta gangaro, ba daga Rum ba.

Malamin Turanci: To ai maganata ka ƙarfafa. Bulla da ball, wa zai saurare su ya ce ba 'yan uwa ba ne? Harafin farko ɗaya, na tsakiya ɗaya, ma'ana ɗaya.

Tsohon Soja: Ni ban san Latin ba, amma Malam yana da ƙafar tsayawa a nan. A bariki harsashin da aka saba harbi da shi, wanda ba mai haske ba, ba kuma na atisaye marar kai ba, sunansa ball ammunition, haka ake rubutawa a jikin akwati. Dalili kuwa, harsashin da can dunƙulen dalma ne mulmulalle, irin wanda maharbanmu ke ɗura wa adaka ta baki. Sai wajen 1849 wani hafsan Faransa, Claude-Étienne Minié, ya fito da mai tsinin kai da rami a gindi, wanda ke buɗewa in an harba ya kama layukan cikin bututun bindiga. Da shi aka yi yaƙin basasar Amurka daga 1861 zuwa 1865, kuma duk da tsininsa Minié ball suke kiransa. In su masu harshen suna kiran bullet da ball, ni me zai sa in raba su?

Ɗan Damagaram: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Kiran abu ɗaya da suna biyu bai sa sunayen suka zama 'yan uwa ba. Mu ma muna cewa ƙwallo, muna cewa tamaula.

'Yar Jarida: Kafin ku yi nisa, a bar ni in tsaya a kan ballot, don ita ce ta fi burge ni, kuma a nan ina bayan Malam ɗari bisa ɗari. Daga ballotta ta Italiyanci ta zo, wato ƙaramin ƙwallo, ta shiga Turanci a tsakiyar ƙarni na 16. Birnin Venice na Italiya ne ya yi mata suna. Tun daga 1268 suke da wani tsari mai ban mamaki na zaɓen shugabansu da ake kira Doge. Ɗan majalisa mafi ƙarancin shekaru zai je ya yi addu'a a cocin Saint Mark, in ya fito, yaron da ya fara cin karo da shi a titi shi zai kamo hannunsa. Wannan yaro, ballotino, shi ke zaro ƙananan ƙwallaye daga tukunya, don kada wani babba ya sa hannunsa a ciki. A fitar da mutum 30, a rage su zuwa 9, taran su zaɓi 40, a rage su zuwa 12, haka ake ta hawa da sauka har zagaye goma, sai a tsaya a kan mutum 41 da za su zaɓi Doge. Duk wannan wahala don kada gida ɗaya mai kuɗi ya saye kujerar. Sun ci gaba da yin haka har 1797 da Napoleon ya kawo ƙarshen jamhuriyar.

Daga irin wannan al'ada ne kuma blackball ta samo asali. A ƙungiyoyin manyan mutane na Ingila a ƙarni na 18, in sabon mutum na neman shiga, kowane mamba zai jefa farin ƙwallo ko baƙi cikin akwati a asirce. Baƙi na nufin ba a yarda ba.

Kuma kada a ɗauka abin ya wuce. A Gambiya tun shekarun 1960 da ɗan ƙwallon gilashi ake zaɓe. Kowane ɗan takara da gangarsa mai launin jam'iyyarsa da hotonsa, ka jefa ƙwallonka ta bututu, ƙararrawa ta kaɗa sau ɗaya, jami'i ya ji cewa ɗaya ka jefa. Da haka Adama Barrow ya kayar da Yahya Jammeh a Disamban 2016.

Dakta: Malam, ranka ya daɗe, ka faɗi gaskiya a wuri uku, amma sauran ba za su tsaya ba, kuma ina so in nuna dalili, ba wai in ce littafi ya ce kawai ba.

Ball ta bayyana a rubutun Turanci wajen shekara ta 1200, kuma 'yar gidan harsunan Jamusawa ce, dangin da shi kansa Turanci ya fito, tana da 'yar uwa a tsohon harshen mutanen Norway da Iceland, wato böllr. Masana sun mayar da ita ga wani tsohon tushe da suke rubutawa bhel, mai ma'anar hurawa ko kumbura. Italiyawa sun aro ta daga ƙabilun Jamusawan da suka shigo ƙasarsu, ta zama balla da palla, daga nan aka sami ballotta da pallone, sannan Turanci ya sake karɓo su a matsayin ballot da balloon. Balloon ma da farko sunan wani wasa ne da ake yi da ƙaton ƙwallon fata. Ma'anar abin da ke tashi sama sai bayan 1783 ta zo, shekarar da 'yan uwan nan biyu, Montgolfier, suka tashi nasu a Faransa. Bowl ta kwano, daga bolla ta tsohon Turanci, ita ma ana jingina ta ga wannan tushe. Ukun nan naka ne.

Ga inda gizo ke saƙa. Sauti ba ya canjawa da ka, yana da ƙa'ida, kuma masana harshe Rasmus Rask a 1818 da Jacob Grimm a 1822 sun nuna ta. Wancan tsohon sauti bh, a farkon kalma, yana zama b a harsunan Jamusawa, amma a Latin f yake zama. Shi ya sa Turanci ke da brother, Latin ke da frater. Turanci bear, ɗauka, Latin ferre. Turanci bloom, Latin flos. Saboda haka in kana neman 'yar uwar ball a Latin, ba a ƙarƙashin b za ka duba ba. Tana nan a ƙarƙashin f: follis, wato zugazugi ko jakar fata da aka hura. Daga follis aka sami fool, wawa, mutumin da kansa iska ce kawai. Ka ga fool ta fi bullet kusanci da ball, alhali ba wanda zai ji haka a kunne. Kama da wane ba ta wane.

Malamin Turanci: Dakta, wannan ta fool ta girgiza ni, amma ban sauka ba tukuna. Ita bulla ɗin daga sama ta faɗo? Kumfa ma ai kumburi ce. Hura kumatunka ka sake su, b za ka ji da l. Ni ina ganin in aka ƙara tonawa can ƙasa, wuri ɗaya za a tarar da su.

Dakta: Akwai masanan da ke ganin bulla kwaikwayon sautin kumburi ce, ban musa ba. To amma in mutum biyu a gari daban-daban suka kwaikwayi kukan zakara, ba za a ce ɗaya ya gada daga ɗaya ba. Har dacewa ma tana faruwa ba tare da kwaikwayo ba. Farisanci na da bad mai ma'anar mummuna, Turanci na da bad mai ma'anar mummuna, kuma tarihin kowace ya nuna ba su taɓa haɗuwa ba. Gidan bulla daban yake da nasa 'ya'yan: bullet, bulletin, boil, da bull ta wasiƙar Fafaroma, wadda ta ci sunan dunƙulen dalmar da ake hatimce ta da shi. Bowl ta wasan gangara ƙwallo ma daga boule take, ba ruwanta da bowl ta kwano ko da yake rubutunsu ɗaya. Bulb daga bolbos ta Girkanci, sunan tsiro mai kai irin na albasa. Ball ta rawa kuwa daga bal ta Faransanci, daga ballare ta Latin, yin rawa, gidan su ballet da ballad.

Malama Mai Lissafi: Ni abin da ke damuna ba asali ba ne, amfani ne, kuma a nan ne koyarwar Malam ke zuwa ta same ni a aji. Yaro ya taso da cewa duk abu dunƙulalle ball ne, sai ya ɗauka sphere ma ball ce ta masu ƙaryar Turanci. A lissafin jami'a ba ɗaya ba ne. Sphere fatar waje ce kaɗai, wato duk ɗigon da nisansa daga tsakiya ya zo daidai. Ball kuwa har da abin da ke ciki. Sannan ball ba dole ta zama cikakkiyar mulmulalliya a maganar yau da kullum ba, ga na wasan rugby nan mai siffar ƙwai, amma ba mai kiransa sphere. Duniya kanta ba cikakkiyar sphere ba ce: faɗinta ta tsakiya kilomita 12,756 ne, daga ƙuryar arewa zuwa ta kudu kuwa 12,714.

Ɗalibi: Malama, to globe da orb fa? A ƙamus ɗina kowace an fassara ta da ɗayar.

Malama Mai Lissafi: Ɗana, ƙamus ƙarami ne ya cuce ka. Sphere daga sphaira ta Girkanci, kuma da ta shigo Turanci wajen 1300 sammai take nufi, don masana falaki na lokacin sun ɗauka taurari a jikin wasu manyan ƙwallaye suke maƙale, wani cikin wani, duniya a tsakiya. Shi ya sa ta koma nufin fage ko da'irar ikon mutum. Sphere of influence ta yi tashe ne a shekarun 1880, lokacin da Ingila da Jamus da Faransa ke rabon Afirka, rabon da ya bar Kano a hannu ɗaya, Damagaram a wani. Globe daga globus ta Latin, curi ko taron jama'a da suka dunƙule, yau kuma ta fi karkata ga duniya da taswirarta mai juyawa. Mafi tsufa da ta rage ita ce ta Martin Behaim, da aka ƙera a Nuremberg a 1492, babu nahiyar Amurka a jikinta.

Dakta: Orb kuwa ta fi su ban mamaki, don orbis ta Latin zobe ce ko faifai, abu mai da'ira amma shimfiɗaɗɗe. Daga baya ta kumbura ta zama ƙwallo. 'Yar uwarta orbit daga orbita, sawun da ƙafar keken doki ke bari a hanya. Yau ba ka jin orb sai a waƙa ko a fada, kamar ƙwallon zinaren nan mai gicciye a kai da aka ƙera a 1661 domin Sarkin Ingila Charles na Biyu, aka kuma ɗora a hannun Charles na Uku ranar 6 ga Mayu, 2023.

Malamin Turanci: Malama, ni ban taɓa ce wa yaro sphere da ball ɗaya ne ba, maganata a kan masu b take. Kuma har yanzu ina nan a kan cewa dabarata tana aiki. Yaran da na koya wa haka ba sa manta ma'anar ballot ko bulb a jarrabawa. Ɗan aji uku na sakandare ina ruwansa da Grimm?

'Yar Jarida: Malam, dabarar tunawa daban, cewa uwarsu ɗaya daban. Ta farko ba wanda ya hana ka. Ta biyun ce yaro zai ɗauka ya kai jami'a a matsayin ilimi, ya kuma koya wa wasu.

Tsohon Soja: Dakta, saura pellet, ƙananan ƙwayoyin da ke cikin harsashin bindigar farauta. Ita ta wane gida ce, na ball ko na bulla?

Dakta: Ba ko ɗaya, Baba. Gida na uku ne, pila ta Latin, ita ma ƙwallo. Daga nan pellet ta fito ta hanyar pelote ta Faransanci, haka pill, ƙwayar magani, daga pilula. Kuma rukunin sojan da kuke kira platoon daga peloton yake, ƙaramin curi, wato 'yan mutane da suka dunƙule wuri guda. Masu tseren keke na Faransa har yau peloton suke kiran cincirindon da ke tafiya tare. Malam, in ka ce pila ma ball ce don p da b maƙwabta ne a leɓe, sai ka fara nuna mana wata kalma guda da p ɗin Latin ta yi daidai da b ɗin Turanci a kalmomin gado. Abin da ƙa'idar ta nuna shi ne f: pater da father, piscis da fish, pes da foot.