Hawa tsaunin Mambila: wane wata ya fi, kuma me ake riƙewa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗanda suka san Gembu, babban garin da ke kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, da ƙauyukanta rani da damina, a taimaka mana da bayanin tafiya can.

Direban Serti: Wa'alaikumus salam. Daga Jalingo ka ware wuni guda: Bali, Serti, Mayo Selbe, daga nan hawa ya fara har Maisamari, sai Nguroje, sai Gembu. A Mayo Selbe ake duba ruwan lagireto da birki. Amma saukowa ta fi hawa haɗari. Wanda ya ɗora ƙafa kan birki tun daga sama, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. Saka giya ɗaya ko biyu, injin ya riƙe motar, kana hon a kowace kwana. Kada magariba ta same ka a kan dutsen.

Ɗan Nguroje: Damina a nan doguwa ce, tun wajen Afrilu har Oktoba. Matsalar jar ƙasar ce: da ta jiƙe sai santsi kamar sabulu. Shi ya sa tsofaffin Land Rover ke cin kasuwarsu a hanyoyin ƙauye har yau. Agusta da Satumba tafiyar awa ɗaya kan cinye rabin wuni. Fita da safe, don ruwa ya fi sauka bayan azahar. Takalmin roba da rigar ruwa dole ne, kuma wanki kan kwana biyu bai bushe ba.

Malama a Gembu: Duk da haka, Malam, in noma ka zo gani, daminar ce. Da ruwan farko ake shuka masara, kuma ana karyarta ruwa bai ɗauke ba, don haka hayaƙin murhu ke busar da ita, in ba haka ba ta yi fumfuna. A gonar shayi ta Kakara ma lokacin ganye ya fi tohowa. Tsiro da ganye biyu na sama kawai ake tsinka.

Mai kiwo: Ni dai Nuwamba na zaɓa. Hanya ta bushe, ciyawa ba ta ƙone ba. Disamba zuwa Fabrairu sanyin asuba na shiga ƙashi, don ana sama da mita 1,500. Zo da bargo mai kauri. Lokacin ake ƙona ciyawa, hazo ya rufe tsaunuka, shanu da yawa sun gangara kwari, nono ya yi wuya. Ka koyi gaisuwa da Fulatanci, a ƙauye ya fi Hausa tafiya.