Da me Turawan ƙarni na 16 da na 17 suke auna namiji?

Ɗalibar Tarihi: Assalamu alaikum, malamai. An ce likitocin Turai na ƙarni na 16 sun yarda mace za ta iya rikiɗa ta koma namiji. Mene ne hujjarsu? Kuma in mace ta kai ƙarar mijinta kan rashin mazakuta, yaya kotu take tabbatarwa?

Malamin Ɗibbu: Wa alaikumus salam, Malama. Hujjar daga Jalinus, tsohon likitan Girka, suka gaje ta, Ibn Sina kuma yana cikin waɗanda suka isar musu da ita. A wajensu namiji zafi ne da bushewa, mace sanyi da danshi. Gaɓoɓin haihuwa iri ɗaya ne, sai dai zafin namiji ya turo nasa waje, na mace suka tsaya ciki. Ambroise Paré, likitan fiɗa na sarakunan Faransa, ya kawo labarin Marie, 'yar shekara 15 da ta tsallake rami tana bin aladu, sai gaban namiji ya bayyana, aka sake mata suna Germain. Ya ce zafin tsallen ne ya jawo. Amma ba su yarda namiji zai koma mace ba, don a ganinsu halitta ba ta komawa baya.

Hajiya Lauya: Batun kotu kuwa, kotun coci ce ke shari'ar. A fara yi wa kowa tambayoyi shi kaɗai, likitoci su duba miji, ungozomomi su duba mata. Wani lokaci a umarce su da zaman shekara 3 tare, kamar yadda fiƙihunmu ke ba miji shekara guda. A Faransa akwai mataki na ƙarshe mai muni: a sa su kwanta tare, masu dubawa suna jira kusa. Kunya da tsoro kaɗai sun isa su karya lafiyayyen mutum. Marquis de Langey, wani basaraken Faransa, ya kasa, aka raba auren a 1659, ya sake aure ya haifi 'ya'ya 7. A 1677 babbar kotun Paris ta soke gwajin.

Malam Na Jami'a: Hajiya ta yi daidai. Amma Malama, kada ki rubuta cewa duk likitoci ra'ayinsu ɗaya. André du Laurens, wani likitan Faransa, wajen 1600, ya musanta cewa gaɓoɓin mace na namiji ne da aka juya ciki, ya ce siffarsu da adadinsu ma sun bambanta. Saboda haka saɓa wa ra'ayin Jalinus ya fara tun kafin ƙarni na 18, inda ake yawan ɗora shi.