Zan shiga Balad na Jidda, ta ina zan fara kuma me zan ci?

Ɗan Jarwal:
Salamu alaikum jama'a. Na gama sakandare bana kuma jami'a sai baɗi in Allah ya kai mu, to maimakon zaman kashe wando a gida Baba ya ce in tafi Jidda wajen kawuna in riƙa taya shi zaman shago. A Makka aka haife ni amma wallahi ban san komai a Jidda ba sai filin jirgi da bakin teku. Ana ta ba ni labarin Balad, tsohon garin nan mai tagogin katako. Don Allah waɗanda suka san wajen ta ina ake farawa, kuma me ake ci wanda ba zai cinye min ɗan riyal ɗina ba?

Baba Tela:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka shiga ta Bab Makka, wato ƙofar gari ta wajen Makka, ka bi kasuwar Alawi a ƙafa, ita za ta kai ka Gidan Nasif. Ba za ka ɓata ba, akwai tsohuwar darbejiya a ƙofar gidan. An gama gininsa a 1881, kuma nan Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shigo Jidda a 1925. Ka lura da matakalar, faɗi gare ta kuma ba ta da tsayin taku, ana cewa raƙumi ke hawanta da kaya har sama.

Amma ni abin da nake so ka yi, ka tsaya jikin bangon wani gidan da shafensa ya ɓare ka duba da kyau. Dutsen murjani ne na teku, duk ƙofofi ne a jikinsa, wani wajen har ɓawon ƙwanso za ka gani maƙale a ciki. Dutse ne marar ƙarfi, gishiri da raɓa na cinsa, shi ya sa bayan 'yan layuka sai magina su shimfiɗa katako a kwance su ɗora wani layin, katakon ne ke raba nauyin har gida ya kai hawa huɗu ko biyar, sannan a shafe da farar ƙasa. Tagogin da ka ce su ne rawashin, katakon ta jirgin ruwa ake kawo shi daga wajen Indiya da Jawa. Ba ado kaɗai ba ne, iska na ratsawa rana ba ta shiga, matan gida na ganin titi ba a ganinsu. Lungunan ma da gangan aka matse su don gida ya yi wa gida inuwa, mutanen nan ba su da AC fa.

Ganuwa kam kar ka nema, an rushe ta tun 1947. In magariba ta riske ka, ka yi salla a Masallacin Shafi'i cikin unguwar Mazlum.

Maman Karantina:
Baba ya cika yaro da dutse da katako ba a ba shi abinci ba 😂 Ɗana da safe ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis mai zafi daga tanda, ka ce a zuba maka man shanu, zai riƙe ka har la'asar. Ma'asub kuma burodi ne aka dame da ayaba da zuma da kirim, kar ka haɗa su rana ɗaya in dai kana son yin tafiya, barci za ka yi. Da yamma mutabbaƙ, wato soyayyen ƙullun fulawa da ake naɗe nama da ƙwai a ciki, a matse lemun tsami a kai tun yana tururi, ko balila, wato wani dafaffen wake, a ɗan kofi da tsami-tsaminta. Sayadiyya, shinkafa da kifi, ta fi tsada saboda kifin, wannan ka bari kawunka ya biya. In ka kai azumi a nan to a lokacin za ka ga Balad na gaske, masu kibda, wato soyayyar hanta, suna ta buga ƙarfe suna kiran ciniki, ga sobiya abin sha mai sanyi, har sahur ba masaka tsinke. Ranar da ka yi marmarin tsire kuma ka zo unguwarmu Karantina, na mutanenmu ya fi.

Na Sabil:
Ni gaskiya tun da UNESCO ta sa wajen cikin jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2014 aka shiga gyara, wasu gidajen sun yi fes har sun zama wajen ɗaukar hoto da shan kofi mai tsada. Gyaran dole ne kam don gidaje da yawa sun rufta wasu gobara ta cinye, amma ka ratse bayan babbar hanya inda ake shanya a taga, can ne shayi ke da araha. Kuma kar ka kuskura ka je da azahar, gumin Jidda ba irin zafin Makka ba ne, rigarka sai ta manne a jiki.

Ɗan Jarwal:
Allah ya saka da alheri. Mama wallahi ma'asub ɗin nan zan fara da shi, in barcin ya zo sai in yi a shagon Kawu. Na Sabil in kana da sarari ranar Asabar bayan la'asar mu haɗu a Bab Makka.