Taurin bayan gida ga mai cutar daji da ke shan morphine: ina mafita?

Assalamu alaikum. Masu jinya da masana magunguna, ina neman shawararku. Mara lafiya ce mai cutar daji, tana shan morphine na ruwa, maganin rage zafin ciwo, miligiram 10 kowane awa 4, kuma zafin ya lafa. Matsalar ita ce kwana 4 ke nan ba ta yi bayan gida ba, duk da tana shan magungunan sassauta bayan gida, wato senna ƙwaya 2 da dare da lactulose mililita 15 safe da yamma. Lactulose ɗin ma kumburin ciki da iska yake ƙara mata. Ga ondansetron na hana amai, shi ma yana rage motsin hanji kamar morphine.

Maganin cusawa ta dubura ba zai yiwu ba, domin kwana 10 da yin kemo (maganin kashe ƙwayoyin cutar daji), ƙwayoyin jininta masu yaƙar cuta sun ragu, ƙaramin rauni zai iya zama ƙofar ƙwayar cuta.

Kafin a koma wurin likitanta: a ƙara senna ne, ko a maye lactulose da macrogol, wani maganin sassauta bayan gida? Tana fitar da iska, ba ta amai. Wace alama ce za ta nuna toshewar hanji ce, a dakatar da senna?